Ƙullin Ya Kaltum a Gadar Fori

Duk wanda ya je baje kolin nan da aka yi a Mairi ya ga hoton Ya Kaltum a bakin ƙofa. An buga shi ƙato, tana murmushi, allura a hannunta. A ƙasan hoton an rubuta cewa ga makauniyar da ta ƙi yarda makanta ta kayar da ita. To, ni Ammatullahi, da take kira Amma, maƙwabciyarta ce, katanga ɗaya ta raba mu a Galtimari, kuma ni na ja mata hannu zuwa wurin nan, ni na dawo da ita. Abin da ba a rubuta a ƙasan hoton ba shi zan rubuta. Wanda ya ji haushi ya sha ruwa.

Ya Kaltum 'yar Gwange ce, a bakin kogin Ngadda aka haife ta. Takan ce ta iya iyo tun kafin ta iya ɗaura zane. Mahaifiyarta mutuniyar Bama ce, kuma kowa a garin nan ya san hannun matan Bama a ɗinkin hula. Tun tana ƙarama aka damƙa mata allura, ta tashi ba ta san wata sana'a ba sai ita. Ba ta yi boko ba, allo kawai ta yi. Amma idan ta ɗinka hula, dillalai ba sa tsayawa dubawa, jin sunanta ya ishe su.

Ta wurin hular ta samu miji. Ba'ana mai wankin hula ne, yana da rumfa a gindin wani dogon yaro kusa da Gwange. Ga wanda bai san aikin ba, hula ba ta tashi daga hannun mai ɗinki ta hau kan mutum kai tsaye, sai ta bi ta wurin mai wanki. Zai kifa ta a kan gungumen itace, ya goge ta da buroshi da sabulu, ya bi ta da reza ya aske duk wani silin zare da ya ɗaga kai da duk ƙullin da mai ɗinki ta bari. Sannan ya shafa mata ƙaro, ya shanya, ya yi ta bugunta da katako har ta kwanta ta yi santsi tana ƙyalli. A Maiduguri, mutum ya sa hular da ba ta sha bugu ba, kamar ya fito ne bai wanke fuska ba. Ba'ana yakan ce hulunan wata yarinya ne suka riƙa zuwa masa ba abin askewa a jikinsu, sai ya ce bari ya nemo mai hannun nan, ko rezarsa ta huta har abada.

Sun yi zaman da ban taɓa jin kansu ta katanga ba, kuma katangarmu ba ta ɓoye komai. Ta haihu sau biyu, duk ba su zauna ba. Bai ƙara aure ba, 'yan'uwansa sun yi surutu har sun gaji.

Idonta a hankali ya tafi. Da farko zura zare a allura ya gagare ta, daga nan launuka suka fara haɗe mata. Da aka je asibiti, likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma an makara. Da ta ga hasken na ƙarewa, sai ta ce za ta yi hula ɗaya ta ƙarshe, ta maigidanta. Na ga hular nan da idona. Gefe ɗaya ɗinkin Kaltum ne sosai, layi a miƙe kamar an ja da ma'auni. Ɗaya gefen kuwa ya karkace, zare ya hau kan zare, ƙulli nan ƙulli can. Ba'ana, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana aske kuskuren mata, bai sa wa hular nan reza ba, bai buge ta ba. Da hannu yake wanke ta, ya shanya a inuwa. Abokan sana'arsa suna yi masa tsiya, wai mai wankin hula da hula kamar an ƙwato ta daga bakin akuya. Sai ya ce, "Wannan ba ta bugu ba ce."

Bayan ta makance, ta koma saƙar faifai da tufkar igiya, aikin da yatsa ke yi ba sai da ido ba. Shi kuma ƙarfinsa ya ja baya, ya bar wa Abakar rumfar. Abakar yaron aikinsa ne tun da can, amma yanzu magidanci ne har da furfura a gemu. Ba'ana ya zama idon matarsa. Asibiti, gidan suna, gidan gaisuwa, kullum za ka gan su, hannunsa a kafaɗarta, yana gaya mata, "Rami. Kwata. Ɗaga ƙafa."

Sai watan Satumban 2024, madatsar Alau ta ɓalle. Ba sai na ba mutanen Maiduguri labarin wannan ba. Gari ya waye ruwa ya kai ƙirjin babba a layinmu. Ni na yi gaba da 'ya'yana, abin da ya faru a baya daga bakinta na ji. Samarin unguwa sun ɗaura igiya daga wannan turken lantarki zuwa wancan don mutane su bi. Ba'ana ya ɗora hannayenta biyu a kan igiyar ya ce, "Ki bi igiya, ina bayanki." Hannunsa na kafaɗarta kamar kullum. Da suka iso inda hanya ta gangara wajen Gadar Fori, ruwa na ja da ƙarfi, sai ta ji kafaɗarta ta yi sauƙi. Shi ke nan. Ba ta ji ihu ba, ba ta ji salati ba, ƙarar ruwa ta cinye komai. Ta tsaya riƙe da igiya tana kiransa har wasu suka ɗauke ta da ƙarfi suka jefa a mota.

Ba a ga gawarsa ba. An duba asibitoci, an bi gaɓar kogi har bayan gari. Daga ƙarshe aka yi masa sallar da ake yi wa wanda babu gawarsa. A ajin makarantar firamaren da aka tsugunar da mu Ya Kaltum ta fara takaba, cikin mutane kamar kasuwa.

Da ruwa ya janye, masu kwashe laka suka riƙa tara takalma da huluna da suka tsinta a ƙofar masallaci, ko wani zai gane na ɗan'uwansa. A nan na ga hular. An ce a shingen wani lambu aka ciro ta, ƙasa da gadar. Ta yi baƙi da laka, ta fara ruɓewa. Na ɗauko ta na sa wa Ya Kaltum a hannu kawai. Ta bi ta da yatsa, ta bi gefen da ya miƙe, ta zo gefen da ya karkace, ta tsaya. Ta ce, "Ga inda idona ya fara cin amanata." Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta sa hular a cikin rigarta.

Bayan wasu watanni wata ƙungiya ta zo unguwarmu. Ba zan kama sunanta ba, irinsu sun fi ƙudan kasuwar kifi ta Baga Road yawa a garin nan. Jami'insu wani saurayi ne, Malam Hisham, mai fara'a, mai tsabta, hularsa kullum tana ƙyalli. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce suna tara masu buƙata ta musamman ne don su yi aikin hannu a kan kogin Ngadda da abin da ya yi wa gari.

Ta ce, "Su wa?"

Ya ce, "Masu buƙata ta musamman, Mama. Yanzu ba a cewa nakasassu."

Ta ce, "Ɗana, ni makauniya ce. Buƙatata ta musamman shinkafa ce da mai."

Ya yi dariya, ya ce akwai abincin rana da kuɗin keke. Ni na matsa mata ta je, don tunda ta fita takaba ba ta leƙa ko ƙofar gida ba. Idan na gama sayar da bandata da safe, sai in riƙe mata hannu mu hau keke zuwa Mairi, inda suka kama wani gida.

Aikin kuwa, gaskiya, aiki ne mai kyau, ba zan yi musu ƙarya ba. Farin yadi ne mai kauri, tsawonsa ya kai bangon aji. Wani gurgu, Pindar, mutumin wajen Biu, mai rubuta allunan shaguna, shi ya zana kogin a kai tun daga Alau, ya biyo ta Fori, ya wuce Gwange, ya fita bayan gari. Shi ma ruwa ya tafi da kekensa, a bayan maƙwabcinsa ya tsira. Wasu mata kurame suna cike unguwanni da zare mai launi. Ya Kaltum kuma aka ba ta abin da ya dace da ita: ta tufka igiya siririya ta ɗinke ta a kan layin kogin, ta yi gadoji da zare mai tudu, ta yi wa kowace unguwa nata irin ƙullin, yadda makaho zai sa yatsa a Alau ya bi kogin har ƙarshe ya san inda yake. Sharaɗi ɗaya ta kafa, a rataye yadin ƙasa-ƙasa, kuma a bar mutane su taɓa. Malam Hisham ya ce an yarda, har makafin gari za a gayyato.

A wurin nan na sake jin dariyarta. Ita da Pindar kullum suna tsiya.

"Gurgu, ina ka kai ni?"

"Makauniya, kin wuce Gwange, sai ka ce mai bin bashi take gudu. Dawo baya."

"Kai ka zana kogin a karkace."

"Ke kika gani?"

"Yatsana ya gani. Kogin da na yi wanka a cikinsa tun ba a san za a haife ka ba, kai za ka nuna mini kwanarsa?"

Abu ɗaya ne ke ɓata mata rai, ranakun masu kyamara. Sukan zo su kafa fitila a gaban mutum su ce ya faɗi abin da ya rasa. Wata yarinya mai siririyar murya ta zauna a gabanta ta ce, "Mama, wa kika rasa a ambaliyar? Ki gaya mana yadda kika ji a ranar."

Ya Kaltum ta ce, "Sanyi na ji. Ai ruwa ne."

Suka yi ta juya tambayar, ta ƙi. A keke, muna komawa, ta ce mini, "Amma, mijina ba kayan talla ba ne. Ba zan ɗora shi a faranti in zaga da shi ba."

Ana cikin haka na shiga wurinta wata rana da la'asar na same ta da hular a cinya tana warware ta da allura. Yadin hular ya riga ya ruɓe, taɓawa kaɗan sai ya marmashe. Zaren kawai take ceto, sili-sili, wanda ya tsinke ta ƙulla. Abin da ta samu bai cika tafin hannu ba. Ragowar tsumman ta sa na tona rami a tsakar gida na rufe.

Na ce, "Ya Kaltum, me kike yi haka? Ita kaɗai fa ta rage miki."

Ta ce, "Ruɓewa take yi a jikina, Amma. Nan da damina babu ita. Kowa ya mutu ana cewa ga inda yake. Ko kabari ne, ni mace ce, ba zuwa zan yi ba, amma dai na san akwai wuri. Shi fa? Ruwa ba wuri ba ne. Zan yi masa wuri."

Washegari ta ce wa Pindar ya sa mata yatsa a inda hanya ta gangara wajen Gadar Fori. Ya buɗe baki zai yi tsiyar da ya saba, sai ya ga abin da ke hannunta. Ya kama yatsanta ya ɗora. Ta ɗinke zaren nan a wurin, ta naɗa, ta ƙulla, ta sake ƙullawa, har ya zama ƙulli kamar ƙwallon dabino. Ba shi da kyan gani, wallahi. Zare ne tsoho, ya koɗe, laka ta rine shi, bakinsa duk a waje, a tsakiyar sabon zare mai ƙyalli. Pindar ya ce a hankali, "Allah ya ji ƙansa, Yaya." Daga ni sai shi muka sani, kuma ta ce kada mu gaya wa kowa.

Tun daga ranar, da mun iso, kafin ta gaisa da kowa sai ta laluba yadin, ta kama Alau, ta biyo igiya har yatsanta ya tsaya a kan ƙullin. Ta ɗan jima bakinta na motsi, sannan ta ce, "To, gurgu, ina muka tsaya?" Ta fara cin abinci sosai. Har lalle ta sa na ƙunsa mata.

Aiki ya ƙare, aka sa ranar baje koli, aka ce kowa ya je ya huta sai ranar. To, yadin da aka yi watanni ana aikinsa a ƙasa, guragu na ja a kansa, makafi na lalube, ana cin abinci ana komawa, dole ya yi dauɗa. Malam Hisham ya dube shi ya ga manyan baƙi za su zo, har daga Abuja. A ransa, ɗinki bai gamu ba sai ya sha wanki, haka ya tashi ya gani, haka kowa a garin nan ya tashi ya gani. Bai tambayi Pindar ba. Bai tambayi Ya Kaltum ba. Bai tambayi ko ɗaya daga cikin waɗanda suka huda yatsunsu a kan yadin nan ba. Da a ce wani mai zane ne daga jami'a ya yi aikin, zai taɓa ko gefensa bai buga masa waya ba? Ya naɗe shi ya sa a mota ya kai wa mai wanke masa huluna. Mai wanke masa huluna kuwa Abakar ne.

Ranar baje koli aka kafa rumfuna, aka jera kujeru, aka yi ta jawabi. Kowa ya tashi sai ya ce nakasa ba kasawa ba ce, a tafa. Ya Kaltum na zaune kusa da ni cikin lafayarta mai kyau ɗaya da ruwa ya bari, tana ta matsa mini hannu. "Amma, sun rataye shi ƙasa?" Na ce an rufe shi da labule, amma ƙasa yake. A nan dai sun cika alkawari.

Da aka yaye labulen, mutane suka ce kai! Yadin ya yi fari tas, launuka sun fito, yana ƙyalli kamar sabuwar shadda, ya miƙe ƙyam kamar kwali. Ni kaina da farko na ce ma sha Allah. Sai na ga fuskar Pindar a kan sabon kekensa, na san wani abu ya ɓaci.

Aka ce makafi su matso su taɓa. Na kai ta. Ta ɗora hannu, hannun ya zame. Ta sake ɗorawa, ta yi hagu, ta yi dama. Igiyar da ta tufka ta sha ƙaro ta sha bugu har ta lafe ta zama ɗaya da yadin. Gadoji sun kwanta. Ƙullin unguwanni duk an aske su. Wani dattijo makaho a gefenmu ya shafa ya shafa ya ce da ƙarfi, "Wai ina kogin? Wannan ai ledar tebur ce."

Ya Kaltum ta ce, "Gurgu. Kana nan?"

"Ina nan, Yaya."

"Sa mini yatsa a Gadar Fori."

Ya kama yatsanta ya ɗora. Ta danna, ta zagaya wurin. Ni da nake da ido na duba, ba komai sai 'yan hujin allura, su ma ƙaro ya toshe su.

Daidai nan Abakar ya iso cikin babbar riga, fuskarsa cike da murna. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa a gabanta.

"Wushe, Ya Kaltum. Abakar ne. Kin ji yadda ya yi? Da Malam Hisham ya ce mini da hannunki a ciki, na ce wallahi ko sisi ba zan karɓa ba. Matar ubangidana! Ni da kaina na yi, ban bar yara sun taɓa ba. Hular manya ma ban taɓa yi mata irin wannan bugun ba."

Ta ce, "Akwai wani ƙulli a nan."

Ya rage murya, ya matso don kada mutane su ji. "Na gani, Yaya. Wani tsohon zare ne ya shiga miki, mai datti, ba ki sani ba. Na ce ba za a rataye wannan a gaban baƙi a ce ga kuskuren matar Ba'ana ba. Na aske shi tas, ko alama ban bari ba. Na rufa miki asiri. Ai haka Baba ya koya mini."

Ni na amsa masa. Na gaya masa zaren mene ne, da muryar da har mai jawabi sai da ya tsaya. Ta ja mini zane ta ce in yi shiru, ban yi ba. Abakar ya san hular, shekara da shekaru yana ganinta a kan ubangidansa, yana cikin masu yi masa tsiya a kanta. Na ga dattijon mutum ya zauna daɓas a ƙasa da babbar rigarsa, ya ɗora hannu biyu a ka yana salati.

Malam Hisham ya taho da gudu, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Mama, don Allah me ya sa ba ki gaya mana ba? Da mun sani, da gilashi za mu sa masa."

Na ce, "Kai me ya sa ba ka tambaya ba? Sai ta yi muku kuka a kyamara sannan aikinta zai zama nata?"

Abin da ke ci mini rai ke nan har yau. Da ta zauna a gaban fitilar nan ta kwance musu cikinta, ta ba su sunan mijinta da yadda hannunsa ya bar kafaɗarta, da ƙullin nan ya zama abin da za a fara nuna wa baƙi. Don ta riƙe mutuncinta, sai aka ga datti. Ba mugu ko ɗaya a cikin labarin nan, shi ya sa ma na rasa wanda zan shaƙe. Ɗaya yana gudun kunyar baƙi, ɗaya yana rufa mata asiri. Duk su biyun sun yanke cewa makauniya ba ta san abin da hannunta ya yi ba.

Ya Kaltum ta juya wajen da take jin numfashin Abakar ta ce, "Abin da ka aske, ina ka zuba?"

Da ƙyar ya ce, "Sharar wanki, Yaya... da ruwan ɗauraya take tafiya. Kwata."

Ta ce, "Amma, kai ni."

Muka bar su da taronsu. Na ji daga baya an ci gaba da jawabi, an raba lemo. Mu uku muka hau keke zuwa rumfar, Abakar a gaba kusa da direba, bai ɗaga kai ba har muka isa. Rumfar Ba'ana ce, dogon yaron na nan, gumagumai a jere da huluna a kife. Ta san wurin, ta saki hannuna ta dafa bishiyar. Abakar ya tuɓe babbar riga ya shiga kwatar da hannu, yana ciro leda da tsumma da kumfa, yana dubawa yana yarwa. An yi kwanaki da wankin, an zuba ruwa a kai ya fi a ƙirga. Ni ma na tsuguna na duba. Babu.

Ta ce, "Bari, Abakar. Tashi, kada ka yanke."

"Yaya, ki yafe mini. Wallahi gyara na yi niyya."

"Na sani. Aikinka ka yi." Sannan ta ce, "Kwatar nan ina ta nufa?"

Ya ce, "Ngadda take faɗawa."

Ta gyaɗa kai ta ce, "To. Na ciro shi, ya koma." Ta miƙo mini hannu. "Mu je gida, Amma, la'asar ta yi."

An ce yadin yana Abuja yanzu, a bangon wani ofis, kuma duk wanda ya gani sai ya yaba. Pindar ya ƙi karɓar takardar yabon da aka ba su, ya koma rubuta allunan shaguna. Abakar duk Juma'a sai ya kawo mata cefane ya ajiye a zaure, ya gaishe ta daga bakin ƙofa, ba ya iya shiga. Tana amsawa, tana sa masa albarka. Malam Hisham ya dawo sau ɗaya ya ba da haƙuri, kuma na yarda har zuciyarsa ne. Amma kafin ya tashi sai ya ce, idan Mama ta amince, labarin ƙullin nan zai taɓa zukatan mutane ƙwarai, za su iya zuwa da kyamara, za su sayo zare irin wancan ta sake wani. Tsintsiya ce a hannuna. Allah ya taimake shi yana da sauri.

Ya Kaltum ta ce ta yafe wa kowa. Ita ta sani, ta fi ni ilimi da haƙuri. Ni ban yafe ba. Ta koma ƙofar ɗakinta da kabarta, tana saƙar faifai, ba ta sake taɓa allura ba. Lallen da na ƙunsa mata ya fita, ta ce kada in sake. Wani lokaci idan na leƙa ta katanga sai in ga ta ajiye saƙar, ta shimfiɗa zanenta a cinya, tana jan yatsa a kai a hankali, tun daga gwiwa, tana bin kwana-kwana. Idan ta zo wani wuri sai yatsan ya tsaya, ya danna, ya zagaya. Sai ta ɗauki faifanta ta ci gaba.